Horar da 'Yan Tseren Jami'a: Tambayoyin da Ake Yawan Yi da Amsoshinsu

Na yi shekaru ina horar da ɗalibai gudu a wata jami'a a Arewa, daga baya na samu damar yin kaka biyu ina taimaka wa wani kociya a wata jami'ar Amurka, inda wannan sana'a ta fi kafuwa. Tun dawowata tambayoyi iri ɗaya nake samu daga malaman wasanni, matasan kociyoyi da iyayen yara masu gudu. Su ne na tattara a nan.

Mene ne tseren ƙetare daji, kuma me ya raba shi da tseren fili?

Tseren ƙetare daji, wanda masu gudu ke kira kuros, gudu ne na dogon zango a kan ciyawa, turɓaya, taɓo da tuddai, a hanyar da aka shata da tutoci da igiya. A jami'o'in Amurka maza kan yi kilomita 8 a yawancin gasa, sai kilomita 10 a gasar shiyya da ta ƙasa a rukuni na ɗaya, wato na manyan jami'o'i. Mata kuma kilomita 6. Tseren fili shi ne na da'irar mita 400 da muka sani a filayen wasa, daga mita 100 har zuwa mita 10,000, da tsallaken shinge da gudun miƙa sanda.

A fili agogo ne alƙali. A daji kuwa lokaci ba ya faɗin komai, domin hanyar yau ba irin ta makon jiya ba ce. Abin da ake dubawa shi ne wa ka wuce, wa ya wuce ka. Ga shi kuma wasa ne na ƙungiya, kamar yadda amsa ta gaba za ta nuna.

Yaya ake lissafin maki a kuros?

Kowace jami'a tana saka mutum bakwai a gasar ƙasa. Ana ɗaukar matsayin biyar na farko a haɗa, wanda jimillarsa ta fi ƙanƙanta shi ya ci. Mafi kyawun maki shi ne 15, wato na ɗaya zuwa na biyar duk naka ne. Na shida da na bakwai ba a lissafa nasu, amma duk ɗan wata ƙungiya da suka wuce sun ƙara wa ƙungiyarsa maki ɗaya. A 1981 jami'ar Texas da ke El Paso ta ci gasar ƙasa da maki 17, da 'yan tsere daga Afirka a ƙarƙashin Ted Banks, kuma har yau ana ba da labarin.

Ga misalin da nake rubuta wa ɗalibai a allo a makon farko. Ƙungiya ta kawo na 1, 2, 3 da 4, amma mutuminta na biyar ya zo na 40: jimilla 50. Wata ta kawo na 6, 7, 9, 11 da 12: jimilla 45. Ta biyun ce ta ɗauki kofi, alhali ba ta da ko mutum ɗaya a biyar na farko. A gasar ƙasa ta 2022 a Stillwater, jami'ar Arewacin Arizona da ta Jihar Oklahoma sun yi kunnen doki, 83 da 83, sai da aka jera mutum biyar na kowane ɓangare aka gwada su ɗaya bayan ɗaya, Arizona ta rinjayi uku cikin biyar.

Wannan lissafi ne ya sauya mini yadda nake kallon aikina gaba ɗaya. Tauraro, ko kai ka horar da shi ko wani, zai yi gudu. Mutum na biyar kuwa aikin hannun kociya ne: yaron da ya zo ba a san shi ba, aka yi shekara uku ana gina shi ba tare da an karya shi ba. Idan kana son ka san kociya, tsaya a bakin layin ƙarshe ka ƙirga daƙiƙoƙin da ke tsakanin mutuminsa na ɗaya da na biyar.

Yaya shekarar ɗan tsere take a jami'ar Amurka?

Kaka uku ce a shekara ɗaya. Kuros daga ƙarshen Agusta zuwa Nuwamba. Tseren cikin ɗaki, a da'irar mita 200, daga Disamba ko Janairu zuwa Maris. Tseren fili na waje daga Maris zuwa Yuni. Mai dogon zango yana cikin duka ukun, shi ya sa hutun Yuni zuwa Agusta ne kaɗai lokacin da yake da shi na aza tubali ba tare da gasa ba.

Hukumar NCAA, wadda aka kafa a 1906, ita ke kula da wasannin jami'o'in Amurka da yawa, kuma tun 1973 ta kasu rukuni uku. A lokacin kaka, doka ta ƙayyade awa 20 a mako na atisayen dole, kada ya wuce awa 4 a rana, da hutun yini ɗaya a mako. Sannan dole ɗalibi ya kasance yana karatu cikakke kuma yana cin jarrabawa, in ba haka ba ba zai sa rigar makaranta ba.

Ban da riƙe agogo da usur, mene ne aikin kociya?

Atisaye bai kai rabin aikin ba. Akwai neman sababbin ɗalibai, kasafin kuɗi, shirya tafiye-tafiye, bin diddigin sakamakon jarrabawa, zama da likitan ƙungiya, da cike takardun doka. Kociyan da na yi aiki a ƙarƙashinsa yakan bar ƙofar ofishinsa a buɗe daga ƙarfe goma zuwa azahar, yara su shigo ɗaya bayan ɗaya. Yawancin hirar ba ta gudu ba ce: wannan ya faɗi gwajin lissafi, waccan mahaifiyarta ba lafiya, wancan kwana uku bai yi barcin kirki ba. Daga wannan hira yake gyara atisayen yamma. Tsarin yana rubuce tun Agusta, amma da fensir.

Kilomita nawa ya kamata ɗalibi ya yi a mako?

Ita ce tambayar da aka fi yi mini, kuma ita ce mafi haɗari idan aka amsa ta da lamba ɗaya. A manyan jami'o'in Amurka, maza da suka ƙware galibi suna tsakanin kilomita 110 zuwa 160 a mako, mata tsakanin 80 zuwa 120. Amma waɗannan sun fara tun suna sakandare, ƙashinsu da jijiyoyinsu sun yi shekaru suna sabawa.

Yaron da ya zo maka yana yin kilomita 30, kada shekararsa ta farko ta wuce 50 zuwa 60. Ƙara kaɗan, riƙe mako uku, rage a na huɗu, sannan ka sake ƙarawa. Huhu da zuciya suna ƙarfi cikin makonni, ƙashi da agara kuwa sai watanni. Yaro zai ce maka yana jin ƙarfi, kuma gaskiyarsa ce, amma ƙwaurinsa bai kai inda numfashinsa ya kai ba. Duba amsar da ke kan tsagewar ƙashi don ka ga abin da gaggawa ke jawowa.

Yaya ake tsara mako ɗaya na atisaye?

Ƙa'idar da Bill Bowerman na jami'ar Oregon ya yaɗa tun shekarun 1950 har yau ita ce ginshiƙi: rana mai wuya, sai rana mai sauƙi. A mako akwai ranaku biyu masu zafi, da dogon gudu ɗaya, sauran duk gudu ne a hankali. Misali, Talata a yi mita 1,600 sau biyar da hutun minti ɗaya tsakani, a saurin da mutum zai iya riƙewa na kusan awa guda idan tsere ne. Wata ranar a yi hawan tudu ko gajerun zagaye a saurin gasa. Ƙarshen mako a yi minti 80 zuwa 100 ba tsayawa. Sau biyu a mako a ƙara da ɗaga ƙarfe da gajeren gudu mai sauri na mita 80 zuwa 100 don ƙafa ta saba da zafin nama.

Inda matasa ke lalata tsarin shi ne ranar sauƙi. Samari goma suka fita tare, kafin kilomita uku an fara rige-rige, kowa ba ya son a ce shi ne a baya. Sai su iso ranar Talata a gajiye, atisayen da ake so ya yi kyau ya lalace. Gwajina mai sauƙi ne: a ranar sauƙi, idan ba za ka iya ba abokinka labari cikakke ba tare da haki ba, ka yi sauri da yawa. Wani lokaci nakan bi su a keke in yi ta jefa musu tambayoyi don in ji numfashinsu.

Ranar hutu kuma ta dace da rayuwar mutanenka. Jami'ar Brigham Young ba ta atisaye ko gasa ranar Lahadi saboda addini, kuma a 2024 ta ci kofin kuros na ƙasa na maza da na mata. Ni Juma'a nake sassautawa.

Sabon ɗalibi ya zo da suna daga sakandare. Me zan yi da shi a shekarar farko?

Ka rage masa buri, ka ƙara masa haƙuri. A garinsu shi ne zakara. A nan ya tarar da mutum goma da suka fi shi, ga karatu ya yi nauyi, ga abinci da wurin kwana sun sauya. A Amurka ɗalibi na rukuni na ɗaya yana da shekara biyar da zai yi kaka huɗu a cikinsu, don haka kociyoyi kan ajiye sabon yaro shekara guda yana atisaye ba ya wakiltar makaranta, su ce ya sa jar riga. Ba hukunci ba ne. Yaron da aka ba wannan shekara sau da yawa shi ne ke zama mutum na uku ko na biyar ɗin nan da aka yi bayani a amsar lissafin maki.

A wurinmu babu wannan doka, amma babu abin da ya hana ka yi amfani da hikimarta. Zangon karatu na farko, ka bar shi ya koyi hanyar aji da hanyar fili.

Wane rauni ne ya fi addabar masu dogon zango, kuma yaya ake gane shi da wuri?

Ciwon ƙwauri, ciwon agara, ciwon gwiwa da na tafin ƙafa duk suna nan, amma wanda nake tsoro shi ne tsagewar ƙashi ta gajiya. Ba faɗuwa ke kawo ta ba. Dukan ƙasa ne sau dubbai a kan ƙashin da bai samu lokacin gyara kansa ba. Alamarta: ciwo a wuri ɗaya da za ka iya nunawa da ɗan yatsa, yana ƙaruwa yayin gudu maimakon ya lafa, kuma mutum ba ya iya tsalle da ƙafa ɗaya a kansa. Hoton ƙashi na yau da kullum sau da yawa ba ya nuna ta a makonnin farko. Idan a ƙwauri ne, ana maganar mako shida zuwa takwas ba gudu. Idan a wuyan ƙashin cinya ne ko wasu ƙasusuwan tsakiyar ƙafa, abin ya fi haka tsanani.

Akwai wani yaro da na horar, ɗan aji biyu, mai shiru-shiru. Saura mako biyar gasa na ɗaga masa gudu daga kilomita 60 zuwa 90, domin na ga yana tashi. Wata safiya cikin hunturu na gan shi zaune a bakin kwalbati yana murza ƙwaurinsa na hagu. Na ce, "Lafiya?" Ya ce, "Ba komai, Koci, sanyi ne." Na karɓi maganarsa saboda ita nake son ji. Bayan kwana goma ya kasa taka matakalar ɗakin karatu. Ya rasa gasar, ya rasa kakar gaba ɗaya, kuma bai ƙara komawa yadda yake ba. Laifina ne, kuma har yau yana damuna. Tun daga ranar ba na tambayar yaro ko yana jin ciwo, domin kunya da son gudu za su sa ya ce a'a. Cewa nake: "Tsaya da ƙafa ɗaya, yi mini tsalle goma." Fuskarsa za ta ba ni amsa.

Gaskiya ne sai ɗan tsere ya rame yake sauri?

Wannan magana ta lalata yara da yawa, musamman mata. Wanda ya rage ci zai iya yin sauri na wata biyu ko uku, daga nan jiki ya fara karɓar bashinsa: ƙashi ya yi rauni, al'adar mace ta ɗauke, barci ya lalace, mura ta yi ta dawowa. A 2014 kwamitin Olamfik na duniya ya ba wannan yanayi suna RED-S, ya kuma bayyana cewa maza ma yana kama su. Ɗaukewar al'ada ba alamar ƙwarewa ba ce, alamar yunwa ce, kuma hanya ce kai tsaye zuwa tsagewar ƙashin da aka yi bayani a sama. Kociya namiji ba shi zai zauna yana yi wa ɗaliba waɗannan tambayoyi ba. Ya samo ma'aikaciyar lafiya ko malama mace da yaran suka amince da ita. Kuma kada ka taɓa auna nauyin yara a gaban juna.

A jami'o'inmu matsalar takan zo ta wata ƙofa: ba ƙin ci ba ne, babu ne. Ɗalibin da ya yi kilomita 15 da asuba ya shiga aji da ruwan shayi, ya wuni a kan garin kwaki, ba ya bukatar ƙarin atisaye. Kafin ka rubuta tsari, tambayi abin da yaranka ke ci. Wake, ƙwai, gyaɗa, nono, fura, kifi, zogale, hanta idan ta samu, duk suna aiki. Yarinyar da kullum take a gajiye, ko wanda bai daɗe da tashi daga zazzaɓin cizon sauro ba, a auna jininsu, domin ƙarancin sinadarin ƙarfe a jini yana kashe gudu shiru-shiru. Magani kuma likita ne zai rubuta.

Ɗalibina AS ne. Zai iya gudu?

Zai iya, kuma da yawa masu AS, wato masu ɗauke da gadon sikila ba tare da cutar ba, sun yi fice. Amma dole kai da shi ku sani. A tsananin gajiya, musamman da zafi, ƙishirwa, rashin lafiya ko sabon zuwa wuri mai tudu, ƙwayoyin jininsa na iya lanƙwashewa su toshe ƙananan hanyoyin jini, tsoka ta fara lalacewa. Bayan mutuwar wasu 'yan wasa a atisaye, NCAA ta wajabta sanin matsayin sikila na 'yan rukuni na ɗaya tun 2010. A ƙasar da kusan mutum ɗaya cikin huɗu yake AS, mu ya fi kamata mu riƙe wannan.

Alamar ba irin ta ɗaurewar jijiya ba ce: ƙafafu su saki, tsoka ta yi laushi, yaro ya durƙushe yana numfashi da ƙyar. Kada a ce masa rago, kada a ce ya ƙarasa. A tsayar da shi, a sanyaya jikinsa, a nemi asibiti. Irin wannan ɗalibi a shigar da shi atisaye mataki-mataki, a ba shi isasshen hutu tsakanin zagaye, kuma kada a yi masa gwajin "wa zai fi jurewa" a makon farko.

Yaya ake yi da atisaye a watan azumi?

A waɗannan shekarun azumi yana faɗowa wajen Fabrairu da Maris, wato ƙarshen kakar cikin ɗaki a Amurka, a wurinmu kuma bakin bazara. Abin da ya yi mini aiki: a rage yawan gudu da kusan kashi ɗaya cikin uku, a bar ranar zafi ɗaya a mako maimakon biyu. Gudu mai sauƙi na minti 30 zuwa 40 a yi shi dab da magariba, a gama a sha ruwa. Atisaye mai zafi kuwa sai bayan buɗa-baki da awa biyu, ko bayan tarawihi idan akwai fitila a fili. Babban abin da ke kayar da yara a azumi rashin barci ne, don haka a soke gudun asuba. Watan na riƙe abin da aka tara ne. Dokar hukumar guje-guje ta duniya kuma ba ta hana mace gudu da hijabi da dogon wando ba, ga iyayen da ke tambaya.

Shin atisaye a kan tudu yana da amfani? Jos ko Mambila za su wadatar?

A wuri mai tsayi iskar da ake shaƙa ba ta kai wa jini abin da ya saba samu, sai jiki ya ƙara yawan jajayen ƙwayoyin jini cikin makonni. Flagstaff, inda jami'ar Arewacin Arizona take, ya kai kusan mita 2,100, kuma mazansu sun ci kofin ƙasa sau shida tsakanin 2016 da 2022. Iten ta Kenya tana wajen mita 2,400. Jos tana wajen mita 1,200, tsaunin Mambila kuma wajen 1,600.

Ke nan Jos ba ta kai tsayin da ke sauya jini sosai ba. Amma tana da sanyi, da tuddai, da hanyoyin burji, da matasan Pankshin da kewaye waɗanda suka daɗe suna riƙe da dogon zango a Najeriya, kuma waɗannan kaɗai sun isa dalilin kai yara sansani. Duk wanda zai hau tudu a duba jininsa tukuna, a kuma sassauta makon farko. Masu AS a sake karanta amsarsu a sama.

Me ya sa 'yan Najeriya da ke jami'o'in Amurka kusan duk masu gajeren zango ne?

Tarihi ne da kasuwa. Tun zamanin Innocent Egbunike a jami'ar Azusa Pacific a shekarun 1980, kociyoyin Amurka suka san Najeriya da gudun mita 100 zuwa 400. Tobi Amusan ta ci tsallaken shinge na mita 100 na NCAA a 2017 tana El Paso, kafin ta kafa tarihin duniya na daƙiƙa 12.12 a Eugene a 2022. Divine Oduduru ya yi daƙiƙa 9.86 a mita 100 da 19.73 a mita 200 a gasar NCAA ta 2019 yana jami'ar Texas Tech. Dogon zango kuwa Kenya ake nufa, tun daga Henry Rono a jami'ar Jihar Washington, wanda ya karya tarihin duniya huɗu a 1978, har zuwa Edward Cheserek na Oregon.

Ban yarda cewa ba mu da masu dogon zango ba. Duk wanda ya ga yaron Fulani ya wuni yana bin shanu, ko 'yan makarantar ƙauye da ke taka kilomita goma kullum, ya san akwai jiki. Abin da babu shi ne gasa a kai a kai da lokaci rubutacce da za a nuna wa duniya. Horon mai gajeren zango dabam ne ƙwarai: gudu kaɗan mai tsananin sauri, hutu mai tsawo tsakani, ƙarfe da yawa. Kada ka haɗa su a tsari ɗaya don kawai kai kaɗai ne kociya. Raba musu lokaci.

Yaya ɗalibi zai samu tallafin karatu ta hanyar gudu a Amurka?

Abu uku ake dubawa: lokaci, takardu, shekaru. Lokacin ya zama na agogon lantarki a gasar da aka sani, domin kociyan Amurka ba ya karɓar lokacin agogon hannu. Takardun WAEC ko NECO suna bi ta cibiyar tantancewa ta NCAA. Sannan wanda ya gama sakandare yana da kusan shekara guda. Idan ya wuce haka yana shiga gasa, za a iya rage masa kakannin da zai yi. Rukuni na uku ba ya ba da tallafin wasa. Akwai kuma NAIA, wata hukumar wasannin jami'o'i dabam da NCAA, da ƙananan kwalejoji na shekara biyu, waɗanda 'yan Afirka da yawa suka bi ta cikinsu.

Kafin 2025, jami'ar rukuni na ɗaya tana da tallafi 12.6 na maza da 18 na mata ga dukkan guje-guje da tsalle-tsalle, ana yayyanka su a raba. Bayan sulhun kotu na 2025, makarantun da suka shiga sabon tsari an ƙayyade musu yawan 'yan wasa: 17 a kuros, 45 a fili. Wannan ya rage gurbin yaron da ake ginawa a hankali, abin da ni ban ji daɗinsa ba. Ga iyaye: kociyan gaskiya ba ya neman kuɗi a hannunku. Duk dillalin da ya ce a biya shi miliyoyi ya samo gurbi, ko ya ce a rage shekarun yaro a fasfo, ku rufe masa ƙofa.

Me kociya zai yi game da ƙwayoyin ƙara kuzari?

Ya yi maganarsu tun kafin wani ya riga shi. A doka, abin da aka samu a jikin ɗan wasa alhakinsa ne, ko da a maganin mura ko garin ƙarin ƙarfi na kasuwa ya shiga. Tiramadol, wanda ya yi yawa a hannun matasanmu, yana cikin abubuwan da aka haramta a lokacin gasa tun 2024. Hukuncin da aka yanke wa Blessing Okagbare a 2022 da Oduduru a 2023 ya isa darasi. Akwai kuma wani darasin: a Tokyo a 2021 an hana 'yan Najeriya goma shiga gasa, ba don an kama su da komai ba, sai don ba a yi musu adadin gwajin da doka ta nema ba. Idan yaronka ya kai matakin ƙasa, bibiyar wannan ma aikinka ne.

Jami'armu ba ta da filin roba ko kuɗi. Ta ina zan fara?

Kuros shi ne wasan da ya fi arha a duniya. Ka samu hanyar ƙasa ta kilomita biyu a bayan ɗakunan kwana ko gonar makaranta, ka auna ta da wayarka ko da keke, ka kafa duwatsu masu farar ƙasa a kowace mita 500. Burji da ciyawa sun fi kwalta tausayin ƙafa. A bazara a fita bayan sallar asuba, kafin rana ta ɗaga. Wanda ya dawo daga hutu a ba shi kwana 10 zuwa 14 ya saba da zafi. Ranar da ƙurar hunturu ta yi kauri, masu asma su huta. Kai kuma ka nemi ilimi: Cibiyar Wasanni ta Ƙasa da ke Legas tana horar da kociyoyi, akwai kuma kwasa-kwasan hukumar guje-guje ta duniya mataki-mataki.

Kada ka jira NUGA, gasar wasannin jami'o'in Najeriya, domin gasar da ba ta zuwa kowace shekara ba za ta riƙe ƙungiya ba. Ka kira kociyan kwalejin ilimi ko na kimiyya da fasaha da ke kusa, ku sa ranar Asabar ɗaya a wata, mutum bakwai-bakwai, biyar su ci maki. Ka sayi littafi mai kauri ka rubuta sunan kowa, kilomitansa na mako, barcinsa, ciwonsa da lokacinsa a wannan hanya taku. A gasarmu ta farko irin wannan, katin kwali muka yanka muka rubuta lambobi daga 1 zuwa 14, wani ɗalibi ya tsaya a layin ƙarshe yana miƙa wa duk wanda ya iso. Mun ci da maki 26 a kan 29, kuma yaron da ya zo mana na biyar, ɗan aji ɗaya a sashen noma, ya wuce mutum biyu ne a mita 200 na ƙarshe, da aron takalmi a ƙafarsa.